Mai Aiki ta Biyu

Ni ce mai aikin gidan. Na faɗa tun yanzu don kada a ruɗe, saboda daga baya mun zama mu biyu, kuma ta biyun ba ɗaukarta aka yi ba, a gidan aka haife ta.

Aikina shara da goge-goge da canza zannuwan gado. In zo da safe, in tafi bayan la'asar. Gidan tsohon gini ne mai tsakar gida da ɗakuna a jere, a wata unguwa da a da ko kallo ba ta ishi kowa ba. Sai aka ratsa sabon titi ta gefenta, shi ke nan kuɗi suka gano hanya. Garejin makanikai ya koma wurin motsa jiki mai gilasai, inda mutane ke biya don su yi gumi. Shagon aski na bakin layi kuwa, wallahi abincin karnuka ake sayarwa a cikinsa yanzu, a gwangwani. 'Yan haya aka yi ta ƙara musu kuɗi har suka tattara komatsansu suka yi gefen gari, masu gidaje kuma suka yi ta sayarwa ana rushewa.

Mai kula da gidan Manaja muke ce masa, shi ya raɗa wa kansa. Gidan na kakansa ne. Ubansa ya rasu, sai ƙanwar uban ta rage, wato Gwaggo, wadda ta goya shi tun da uwarsa ta bar shi yana jariri. Ba ta taɓa haihuwa ba, shi ne ɗanta. Sunan mahaifinta gare shi, don haka Babana take ce masa.

Manaja ya ga ana cin kuɗi da baƙin kwana biyu, shi ma ya shiga. Mutane ne da ke kama ɗaki ta waya, su ɗan kwana su tafi, sannan su ba gidan taurari a wayar: biyar in sun ji daɗi, ƙasa da haka in wani abu ya ɓata musu rai. Da taurarin nan Manaja yake kwana, da su yake tashi.

Ɗakin Gwaggo shi ne na gaba, mai taga a kan titi. Nan take wuni tana amsa gaisuwar masu wucewa, tana tsokanar mai kayan miya wai sikelinsa ɓarawo ne. Ya fi kowane ɗaki haske, shi ya sa ya fara tsone wa matar Manaja ido. Ita kuma Madam ake ce mata.

"Gwaggo, hayaniyar titin nan ba ta barin ki huta," in ji Manaja, ya tsuguna gabanta kamar mutumin kirki. "Ga motoci, ga hayaƙi. Ɗakin baya ya fi shiru."

"Ni ban yi ƙorafi ba, Babana."

"Ai ke ba kya ƙorafi, shi ya sa muke yi miki."

Ni na kwashe kayan: akwatin ƙarfe, katifa, 'yar rediyo da kwandon magunguna. Aka shafe ɗakin gaban da farin fenti, a ƙusar da take rataye carbi aka rataye hoton jirgin ruwa.

Ba a daɗe ba wata safiya na ji Manaja yana ihu a tsakar gida, na ɗauka wuta ce ta kama. Ashe wani baƙo ne ya ba shi taurari uku.

"Ji abin da ya rubuta! Wai akwai tsohuwa mai tari, wai baranda na warin man zafi!"

"Ni dai na faɗa," in ji Madam, tana kankare farce. "Ba a ji ba ne."

Kafin azahar an yanke hukunci. Akwai sito a bayan kicin, inda nake ajiye bokitai da tsintsiya da tukunyar gas. Ba shi da taga sai wani ɗan rami can kusa da rufi. In aka sa gado, ƙofar ba ta buɗewa duka, sai mutum ya shiga a karkace.

"Kusa da kicin ne, ruwan zafi ba zai yi miki nisa ba," in ji Manaja. "Na ɗan lokaci ne, kafin mu gina miki naki."

"Tsofaffi ma ba sa son babban ɗaki," Madam ta ƙara. "Sanyi yake yi musu yawa."

Gwaggo ta leƙa siton, ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, na ƙwace miki ofis." Ta yi dariya ita kaɗai. Ni kam na kasa ɗaga kai, sai na hau matsar da bokitai kamar wani babban aiki ne.

Ƙawarta ɗaya ta rage a layin, wata tsohuwa mai kitso. Aka ce ta riƙa shigowa ta ƙofar baya. Ta zo, ta shiga siton a karkace, ta zauna a kan bokiti, ta fashe da kuka. Gwaggo ta ce mata kada ta ƙara zuwa, wai ƙafarta ba ta son doguwar tafiya. Doguwar tafiyar gida uku ne tsakani. Bayan 'yan watanni su ma aka sayar da nasu, 'ya'yanta suka ɗauke ta.

Ranar da abin ya ƙarasa lalacewa, Gwaggo ta fito tsakar gida ne ta miƙe ƙafafu a hantsi. Wani baƙo, saurayi mai gajeren wando, ya fito da kofinsa ya yi turus.

"Wannan fa? An ce mini baƙi ne kaɗai a gidan."

Manaja yana tsaye.

"Mai aiki ce," ya ce.

Saura kaɗan sandar goge-goge ta suɓuce daga hannuna. Idanun Gwaggo sun raunana, amma kunnuwanta lafiya ƙalau suke. Ta naɗe ƙafafunta, ta dafa bango ta miƙe, ta koma sito.

Na ce to, yau kunya za ta hana shi cin abinci, gobe zai zo ya durƙusa ya nemi gafara. Ina! Washegari Madam ce ta zo, da shuɗiyar rigar aiki irin tawa sak, sabuwa a leda.

"Gwaggo, kada ki ɗauke shi wani abu. Su baƙin nan ba sa son jin akwai masu gida, so suke su ji gidan nasu ne. Ba aiki za ki yi ba, riga ce kawai. Da ita sai ki fito ki sha iska yadda kike so, ba mai tambaya. Ai sauƙi muka nema miki."

"Babana ya sani?"

"Shi ya sayo."

Gwaggo ta miƙa hannu ta karɓa.

"To in an tambaye ki, me za ki ce?"

Gwaggo ta juya ledar a hannunta.

"Gwaggo, sai mun gwada fa, kada ki rikice a gaban mutane. Ke wace ce a gidan nan?"

"Mai aiki."

"Yauwa! Kin ga ba wuya."

Kai, duniya! Na yi aiki a gidaje da yawa, an zage ni, an ɗora mini satar cokali, an taɓa hana ni shan ruwa a kofin gida. Ban taɓa jin kunyar rigar nan ba sai ranar da na gan ta a jikin Gwaggo, ta sauko mata har ƙwauri.

Kuma wanda ya sa rigar aiki, aiki zai same shi. Baƙi ba su san wasa ake yi ba. Wannan ya ce, "Ke mai aiki, tawul!" Wancan ya miƙo takalmi a goge. Ina jin an kira sai in sheƙo da gudu, amma gidan da faɗi, hannuna kuma biyu ne. Wata rana na tarar da ita durƙushe a banɗakin ɗakin gaba, ɗakinta na da, tana zaro gashin wata baƙuwa daga magudana da yatsu. Na fizge ta.

"Gwaggo, don girman Allah!"

"Bar ni, 'yar nan. In na ƙi, sai ta rage masa tauraro."

Baƙuwar ta tsaya tana kallonmu, tausayi ya kama ta, ta cusa wa Gwaggo 'yan kuɗi a aljihun riga. Da ta tafi ta ba da taurari biyar. Manaja ya karanta mana da bakinsa, yana murmushi: wai masu gidan mutanen kirki ne, sun riƙe tsohuwar ma'aikaciyarsu ba su kore ta ba duk da ƙarfinta ya ƙare. Ya kai ƙarshe ya ɗago, idonsa ya faɗa cikin na Gwaggo, murmushin ya mutu. Ya ce ana kiransa a waya, ya fita. Wayar ko ƙara ba ta yi ba.

Daga nan ta fara ramewa. Na lura kofin ruwan da nake ajiye mata da safe yana nan cike har la'asar.

"In na sha sai na ratsa tsakar gida zuwa banɗaki," ta ce, "su kuma suna zaune suna shan kofinsu. Na fi so in jira su fita."

Tari kuwa a filo take yin sa. In ya taso sai ta kifa fuska ta danne, kafaɗunta su yi ta girgiza, ba ka jin komai sai ƙarar gado. Leɓɓanta suka tsattsage, ƙafafu suka kumbura.

Na tare Manaja a bakin ƙofa. Na ce, "Yallaɓai, Gwaggo fa ta daina shan ruwa."

"Ki ce mata ta sha mana."

"Ba za ta sha ba sai ta daina jin kunyar fitowa."

Ya hau ni da faɗa. "Kin san abin da nake kashewa a gidan nan? Haraji ya ninka, wuta ta ninka, ruwa ya ninka. Kowa a layin nan ya sayar, ni kaɗai na riƙe gidan kaka. Don wa nake yi? Ai don ita! Maganinta daga ina yake fitowa, ba daga ɗakunan nan ba?"

Ya gama, ya nufi sito. Na ce Alhamdulillahi. Ya tsaya a bakin ƙofar, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya daɗe a haka. Sai ya sauke hannun ya juya. Da yamma ya aiko mata da katan ɗin ruwan roba, aka jibge a ƙarƙashin gadon.

Mai cewa don ita yake riƙe da gidan kaka, kafin shekara ta zagayo ya shirya da wani kamfanin gine-gine. Za su rushe su kafa dogon bene. Suka turo wata mata ta zo ganin gida, mai tabarau da takalmi mai tsini, ba ta da hayaniya. Ina goge baranda ina jin su.

"Magada nawa ke zaune a ciki?"

"Ni kaɗai ne," in ji Manaja.

"Ina tambaya ne saboda mun sha wahala a baya," ta ce. "Mu gama ciniki, mu kawo motar rusau, sai wani ya fito ya ce shi ma magaji ne, a tafi kotu. Yanzu duk magajin da muka samu zaune a gida, ba ma rufe ciniki sai da yardarsa. Kuma muna ba shi ɗaki a ƙasan sabon ginin, a cire daga kuɗin gidan. Don haka sai na leƙa kowane ɗaki."

Ta leƙa na gaba, ta leƙa na baya, ta shiga kicin. Ta nuna ƙofar sito.

"Tarkace ne kawai," in ji Madam.

Matar ta tura ƙofar, ta daki gado. Ta shiga a karkace. Gwaggo na zaune a bakin katifa cikin shuɗiyar rigarta, ga tukunyar gas a gefen filo.

"Sannu, Mama."

"Yauwa, sannu 'yata."

Matar ta tsuguna, ta maimaita mata duk abin da ta faɗa wa Manaja, dalla-dalla, da ƙarfi yadda tsohuwa za ta ji: yarda, da ɗaki a sabon gini, a nan unguwar, ba mai tayar da ita har ƙarshen ranta. Sannan ta ce, "To Mama, ke wace ce a gidan nan?"

Na ce yau Allah ya kawo ƙarshen abin. Gwaggo ta ji komai, ta kuma gane komai, na gani a fuskarta. Ta ɗaga kai ta dubi Manaja ta saman kafaɗar matar. Yana tsaye a ƙofar kicin, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, idonsa a kan takalminsa.

"Ni mai aiki ce," in ji Gwaggo.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ƙarya ne! Wallahi gwaggonsa ce, ƙanwar ubansa! Gidan ubanta ne, ni ce mai aiki!"

"Ke, rufe mana baki!" Gwaggo ce ta daka mini tsawa, muryar da ban taɓa ji daga gare ta ba. Ta juya ga matar. "Kada ki kula ta, 'yata. Gwaggo suke ce mini don na daɗe da su. Yarinyar nan surutu gare ta."

Matar ta dube ni, ta dubi Manaja, ta dubi tsohuwar. Hancin Gwaggo da na Manaja iri ɗaya ne, ko makaho ya shafa zai gane. Ta sani. Na rantse ta sani. Amma an ba ta amsar da za ta rage mata aiki, ta kuma rage wa kamfaninta ɗaki guda. Ta miƙe ta kakkaɓe siket, ta ɗan danna wayarta.

"Ma'aikata biyu ke nan," ta ce. "Shi ke nan, mun gode."

Da suka fita na shiga siton na rufe ƙofa. Kuka nake yi don haushi.

"Gwaggo, me ya sa? Ɗaki fa! A unguwarki! Kalma ɗaya ce!"

Ta murza gefen rigar.

"So kike in ce wa baƙuwa ɗan da na goya ne ya sa ni a nan? Ta dube shi, ta dube ni, ta ce wa ya yi tarbiyyar wannan? Ni na yi, 'yar nan. Ba shi da wata uwa da za a ɗora wa. Daga bayana ya sauko ya zama haka." Ta goge ido da bayan hannu. "Gara ta tafi tana cewa ya ajiye mai aiki a sito. Wannan kowa na yi."

Na buɗe robar ruwa na miƙa mata, ta sha kaɗan.

Ko cinikin ya halatta ko bai halatta ba, ni ban yi karatu ba. Na dai san an yi shi. Manaja ya sayi gida a hawa na sama a wani sabon bene, ya ce matakala za ta wahalar da Gwaggo. Na ce ai akwai na'urar hawa, Madam ta ce in wuta ta ɗauke fa? Suka kama mata ɗaki a can ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare, wai iskar wurin ta fi kyau ga mai tari. Ni kuma aka ce ba a bukatata a sabon gida, bakina ya yi yawa.

Ranar tashi kamfanin ya aiko da ambulan biyu, kuɗin sallamar ma'aikata. Ɗan aiken ya miƙa mini tawa, ya miƙa wa Gwaggo tata. Tata ta fi tawa sirantaka. Na tambaye shi dalili, ya ce gwargwadon daɗewa a aiki ake bayarwa, kuma mai gida ya ce na riga ta fara aiki. Haka aka sallami Gwaggo daga gidan ubanta, a matsayin sabuwar ma'aikaciya.

Ku da kuke wucewa ta layin nan yanzu kuna ɗaga kai kuna yaba ginin, ku yaba, ya yi kyau. Amma kada wanda ya ce mini kuɗi ne suka kori tsohuwar. Kuɗi sun zo layin, gaskiya ne, sun zo kowane gida. Sai dai ba kuɗi ne suka je kasuwa suka sayo riga daidai jikinta ba, ba su ne suka tsaya a ƙofar kicin suna kallon takalmi ba. Ɗanta ne. Mu ma da muka gani, iyakarmu tsaki da kawar da kai, ni da na yi ihu ma ihun bai saya mata ko taga ba.

Manaja bai bi motar kaya ba, wai zai jira masu kwance na'urorin sanyi. Ya yi wa direba kwatance, ya leƙo ta taga ya ce, "Gwaggo, zan shigo ƙarshen mako." Ta ce Allah ya kai mu. Ni na zauna kusa da ita, akwatin ƙarfen a bayanmu yana ƙara duk ramin da muka faɗa. Ba ta waiwayi gidan ba.

Sai da benaye suka ƙare, muka shiga unguwannin da ba a gama ginawa ba, sannan ta dafa gwiwata.

"'Yar nan, alfarma ɗaya za ki yi mini. In maƙwabta sun tambaye ki ina 'yan'uwana, ki ce ba ni da kowa."

"Haba Gwaggo."

"Ki ce duk sun rasu. Ya fi sauƙin faɗa, ya kuma fi sauƙin ji."

Muka isa. Ɗaki ne a jerin ɗakunan haya, famfo ɗaya a waje. Muna sauke katifa wata mata mai goyo ta fito daga ɗakin kusa, ta gaishe mu, ta ja ni gefe.

"Baiwar Allah, tsohuwar nan ita kaɗai za ta zauna? Ina 'ya'yanta?"

Gwaggo na tsaye a rana, ta dafa akwatinta, tana kallona.

Na ce, "Ba ta da kowa."

"Allah sarki," in ji matar. Ta shiga ɗakinta da sauri ta fito da kujera, ta ajiye a inuwa. "Zauna nan, Mama, kafin a gama shimfiɗa."